Ciwon Jijiyar Ido da Laka: Kada a Kwana Ana Jira

Ni ma'aikacin ɗakin shan magani ne na ƙauye, yau shekarata 22 ina wannan aiki. Ni ba likita ba ne, amma abin da zan faɗa muku a wannan takarda daga likitoci na koye shi, kuma na ga wani abu daga ciki da idona. In akwai wanda bai iya karatu ba a gidanku, a tara shi a karanta masa, musamman mata, don su ciwon ya fi kamawa.

Ciwon nan ba shi da yawa. Mai yiwuwa a yi shekara 10 ba a ga mai shi ba a garinku. Amma in ya shiga gida, 'yan kwanakin farko su ne ke raba mai gani da makaho, su raba mai tafiya da gurgu. Saboda haka ya kamata kowane gida a san alamunsa.

ABIN DA YA SA NA RUBUTA

Wata shekara da kaka aka kawo mini wata mata mai kimanin shekara 35. Mijinta ya ce kwana 6 ke nan tana shaƙuwa ba dare ba rana, ko ruwa ta sha sai ta amayar. Na gwada jininta, babu zazzaɓin cizon sauro. Na ɗauka gyambon ciki ne, na ba ta magani, suka koma gida. Bayan mako 2 abin ya lafa, ni da su duk muka manta.

Da aka yi wata 2 sai idonta na dama ya fara ciwo in ta juya shi. Cikin kwana 3 ya daina gani. Da ya ke idon bai yi ja ba, bai yi kwantsa ba, sai mutanen gida suka ce wannan ba na asibiti ba ne. Aka yi hayaƙi, aka ɗiga ruwan ganye, aka sayar da akuya 2. Mako 7 ana wannan. Ran nan da asuba ta tashi za ta fita, ƙafafu suka ƙi ɗaukarta, fitsari kuma ya tsaya. Sa'an nan ne aka sake ɗauko ta a amalanke. Na rubuta takarda, a ranar aka wuce da ita babban asibiti.

Yanzu tana tafiya da sanda, tana girkinta, tana shan magani kullum. Idon hagu lafiya lau. Idon dama kuwa ya tafi ke nan. Likitan da ya duba ta ya aiko mini da amsa a takarda, ya ce shaƙuwar nan ita ce sallamar farko da ciwon ya yi. Ni na karɓi sallamar, ban gane baƙon ba. Tun daga ranar na yi niyyar in koyi abin, in kuma sanar da jama'a.

JIJIYAR IDO DA LAKA

Duk wanda ya taɓa cin kan rago ya ga wata 'yar farar igiya a bayan ƙwayar ido. Ita ce jijiyar gani. Mutum ma yana da ita, ɗaya a kowane ido. Tsawonta kamar inci 2 ne, amma a cikinta akwai ƙananan zaruruwa fiye da 1,000,000. Ido shi ke ɗaukar hoton abin da ke gabanka, jijiyar nan ita ke kai hoton ga ƙwaƙwalwa. In ta lalace, ko da ƙwayar idon lafiyarta ƙalau, mutum ba zai gani ba.

Haka kuma in mahauci ya sara ƙashin baya, za ka ga farar laka a tsakiya. Lakar babban mutum ta kai kamar inci 18, daga gindin ƙwaƙwalwa zuwa wajen ƙugu. Ta nan umarnin ƙwaƙwalwa ke sauka zuwa hannu da ƙafa da mafitsara da hanji. Ta nan kuma labarin zafi da sanyi da taɓawa ke hawa zuwa ƙwaƙwalwa. Ku ɗauke ta kamar hanya ɗaya tak da ta haɗa gari da ƙauyukansa. In gada ta karye a tsakiya, duk ƙauyen da ke gaba da gadar an yanke shi.

YADDA CIWON YA KE AUKUWA

A cikin jinin kowa akwai dakarun tsaro, watau garkuwar jiki. Su ne ke yaƙi da ƙwayoyin cuta. Daga cikin makamansu akwai waɗansu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da likitoci ke kira antibodi. Aikin antibodi shi ne ya gane ƙwayar cuta, ya manne mata, ya nuna ta ga sauran dakaru su kashe. Wannan shi ya sa allurar rigakafi ta ke da amfani, don tana koya wa jiki ya ƙera antibodin da ya dace tun cuta ba ta zo ba.

To, a jikin waɗansu mutane kaɗan sai a sami kuskure. Jiki ya ƙera antibodin da ke manne wa naman jikinsa na kansa. Kun san yadda a ke yi a kasuwa in wani ya nuna mutumin kirki ya yi ihu ya ce ɓarawo. Kafin a bincika, jama'a sun rufar masa da duka. Haka abin ya ke.

A jijiyar ido da laka akwai waɗansu ƙwayoyin halitta masu siffar tauraro, waɗanda ke yi wa jijiyoyi hidima. A jikinsu akwai ƙananan kafofin da ruwa ke shiga yana fita, kamar wuriyar da ke gindin katanga. Sunan kafar nan akwaforin-4. Ita ce antibodin mai kuskure ke manne wa. Da ya manne sai sauran dakarun jini su taru a wurin, wurin ya kumbura, masu hidimar su mutu, sa'an nan rigar jijiya ta kwaɓe, jijiyar kanta ta lalace. Jijiyar da ta mutu ba ta sake tsirowa. Amma wadda kumburi ya danne kawai, ba ta kai ga mutuwa ba, tana farfaɗowa in an kashe kumburin da wuri. Ku riƙe wannan, don shi ne gindin maganar duka.

Wani likita mai suna Eugène Devic, na birnin Liyon a ƙasar Faransa, shi da ɗalibinsa Fernand Gault, su suka yi bayanin ciwon a 1894. Shi ya sa a ke ce masa ciwon Devic. A takardun asibiti kuwa za ku ga an rubuta NMO. An daɗe ba a san dalilinsa ba, sai a 2004 wata likita mai bincike, Vanda Lennon, da abokan aikinta a asibitin Mayo na Amurka suka gano antibodin a jinin marasa lafiya. A 2005 suka gano kafar ruwan nan ce ya ke kai wa hari. Daga nan aka sami gwajin jini. A nan Nijeriya ma ciwon ba baƙo ba ne. Tun 1971 Farfesa Benjamin Osuntokun na asibitin koyarwa na Ibadan ya ba da rahoton marasa lafiya da dama masu irin wannan ciwo.

WA YA KAN KAMA?

Yana iya kama yaro, yana iya kama tsoho, amma ya fi zuwa wa mutum yana tsakanin shekara 30 da 45. Cikin mutum 10 da a ke samun antibodin nan a jininsu, kamar 9 mata ne. Ya kuma fi samun baƙar fata da mutanen gabashin Asiya bisa ga Turawa.

Ba a ɗaukarsa. Ku ci kwano ɗaya da mai shi, ku kwana ɗaki ɗaya, babu abin da zai same ku. Uwa mai shi ba ta shayar da shi ga ɗanta a nono. Da wuya ƙwarai a sami mutum biyu masu shi a dangi ɗaya. Ba abinci ke kawo shi ba, ba ƙazanta ba, ba kuma laifin mai shi ba ne. Kada a zargi kishiya, kada a zargi maƙwabci. Na ga gidan da zargi ya raba, alhali abin daga cikin jinin mara lafiyar ya taso.

ALAMU UKU

Alama ta 1, a ido. Gani ya dushe cikin 'yan awoyi ko 'yan kwanaki, a ido ɗaya ko duka biyu. Sau da yawa akwai zafi a bayan idon, wanda ke ƙaruwa in an juya shi. Mutum ya ga kamar hazo, ko ya ga wani baƙin wuri a tsakiyar abin da ya ke kallo. Launi ya koɗe, jan abu ya koma kamar wanda ya sha rana. In ka leƙa idon ba ka ganin komai, ba ja, ba kwantsa, ba yana. Ga gwajin da za ku yi a gida: a rufe ido ɗaya da tafin hannu a dubi jan barkono ko jar hula, sa'an nan a rufe ɗayan a sake dubawa. In jan bai zo daidai a idanun biyu ba, akwai magana. A kuma gwada ƙirga yatsu daga nesa da kowane ido shi kaɗai. Mutane da yawa ba su sanin ido ɗaya ya mutu, don ɗayan na rufa masa asiri.

Alama ta 2, a laka. Ƙafafu su yi nauyi, ko su yi sanyi kamar ba naka ba, ko ka ji kamar kiyashi na bin su. Abin ya riƙa hawa daga tafin ƙafa zuwa cinya zuwa ciki cikin kwana 1 ko 'yan kwanaki. Waɗansu su kan ji kamar an ɗaure musu ƙirji ko ciki da ɗamara. Fitsari ya tsaya, ko ya riƙa zuba ba a sani ba. Bayan gida ya ƙi fita. In kumburin a lakar wuya ya ke, hannuwa ma su kan mutu, har numfashi ya iya gagara. Wannan na iya kisa.

Alama ta 3, shaƙuwa da amai. A gindin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri wanda ke kula da tashin zuciya, kuma kafofin ruwan nan suna da yawa a wurin. In ciwon ya taɓa shi sai mutum ya yi ta shaƙuwa, ko tashin zuciya da amai, fiye da kwana 2, maganin ciki bai yi masa komai ba. Shaƙuwa ta ɗan lokaci kowa na yi, ba abin tsoro ba ce. Amma wadda ta wuce kwana 2 sai a je a duba. In daga baya ido ko ƙafa suka motsa, lalle a gaya wa likita labarin shaƙuwar, ko da wata nawa ne da wucewarta.

Ba dole alamun su zo tare ba. Ɗaya na iya zuwa bana, ɗaya baɗi.

CUTUTTUKAN DA KE KAMA DA SHI

Ba duk makanta ko shanyewar ƙafa ce wannan ciwo ba. Yanar ido a hankali ta ke zuwa cikin watanni ko shekaru, ba ta da zafi, kuma a na ganin farinta a tsakiyar ido. Hawan jinin ido ya kan ci gani daga gefe, sannu-sannu. Tarin fuka na iya cin ƙashin baya ya danne laka. Ƙwan tsutsar tsargiya, wadda a ke ɗauka a kududdufi da fadama, shi ma yana iya kumbura laka. Haka cutar ƙanjamau, da tunjere, da ƙari a ƙashin baya. Shan-inna kuwa ƙananan yara ta fi kamawa, kuma ba ta ɗauke jin taɓawa.

Kowanne daga cikin waɗannan maganinsa daban. Maganin da ke ceton mai ciwon Devic na iya tsananta wa mai tarin fuka in an ba shi shi kaɗai. Don haka ba ni da ikon in raba su a ɗakin shan magani, mai kemis ma ba shi da shi, balle mai tallar magani a kasuwa. Aikin likita ne da na'urorinsa.

ABIN DA ZA KU YI

1. Ranar da kuka ga alamar, ranar za ku tashi. Kada a ce bari a ga gobe, kada a ce sai an ci kasuwa, kada a ce sai mai gida ya dawo daga ci-rani. Mai gida, in za ka yi tafiya ka bar izini a gidanka cewa in irin wannan ya faru a wuce asibiti.

2. Ku zo ɗakin shan magani mafi kusa ku karɓi takarda zuwa babban asibiti. In babban asibitin ya fi muku kusa, ku wuce kai tsaye.

3. Kada a ɗiga komai a idon. Ruwan ganye, da nono, da fitsarin dabba, da ruwan batir, ba ɗayansu da ke kaiwa ga jijiyar da ke can bayan ido, sai dai su ƙone gaban idon da ke lafiyayye. Maganin ɗigawa na kemis ma ba ya kaiwa can.

4. Kada a yi tsaga, ko ƙaho, ko sakiya a baya ko a ƙafa. Kada a gasa ƙafar da wuta. Ƙafar da ba ta ji tana iya ƙonewa har nama mai ita bai sani ba.

5. In fitsari ya tsaya mara ta kumbura, ko numfashi ya fara wuya, wannan ko dare ne sai a nemi mota.

6. Ku tafi da wanda ya san yadda ciwon ya fara, da duk takardun asibiti na dā, da duk magungunan da aka sha.

Ba wanda ya hana addu'a. Ku yi ta kuna bisa hanya.

ABIN DA ZA A YI A ASIBITI

Likitan da ya fi sanin ciwon nan shi ne likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. A na samun irinsu a asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano a Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika kusa da Zariya, da na Sakkwato, da na Maiduguri. Don ido kuma akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. In likitan ido kuka fara gani, shi zai haɗa ku da na jijiyoyi.

Za a haska cikin ido. Za a ɗauki hoton laka da ƙwaƙwalwa da wata na'ura mai suna MRI, wadda mutum ke kwanciya a cikinta. Tana da ƙara, amma ba ta da zafi. A wannan ciwo hoton ya kan nuna kumburi mai tsawo, wanda ya kai tsawon gaɓar ƙashin baya 3 ko fiye. Mai yiwuwa a ɗebi ɗan ruwa daga baya da allura. Kada ku ji tsoron wannan, allurar ƙasa da inda laka ta ƙare a ke sa ta, kuma jiki na mayar da ruwan. Za a kuma ɗebi jini don neman antibodin nan. Sau da yawa sai an aika jinin wani gari, amsar ta ɗauki makonni. Likita ba ya jiran amsar kafin ya fara magani. A na samun antibodin a jinin kamar mutum 7 ko 8 cikin 10 masu ciwon. Waɗansu kuma wani antibodi daban a ke samu, mai suna MOG, wanda ciwonsa ke kama da wannan amma ya fi saurin warkewa.

Maganin farko shi ne mai kashe kumburi, sunansa metil-firednisolon. Ta jijiyar hannu a ke ba da shi cikin ƙarin ruwa, giram 1 kowace rana ga babban mutum, kwana 3 zuwa 5. Bayan nan a ci gaba da ƙwayar firednisolon. In bai yi aiki sosai ba, ko ciwon ya yi tsanani, akwai tace jini. Na'ura ce ke janye jini, ta ware ruwansa mai ɗauke da antibodin ta zubar, ta mayar da ƙwayoyin jinin tare da sabon ruwa. A kan yi sau 5 zuwa 7, a na tsallake kwana ɗaya-ɗaya. Ba kowane asibiti ke da ita ba. Magungunan nan biyu sun fi aiki a kwanakin farko. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

CIWON YA KAN DAWO

Nan ne mutane suka fi yin kuskure. Mara lafiya ya sami sauƙi, ya koma gida, magani ya ƙare, a ce ai ya warke. Alhali antibodin na nan a jini. Cikin mutum 10 masu shi, kamar 9 ciwon na sake taso musu in ba su shan maganin tsarewa, wani bayan watanni, wani bayan shekaru. Kowane tashi kuma sai ya bar ɓarna a kan ta dā. Wani bincike da aka buga daga asibitin Mayo a 1999, kafin a sami magungunan yanzu, ya nuna fiye da rabin masu irin mai dawowar sun rasa ganin ido ɗaya ko biyu, ko sun kasa tafiya ba mataimaki, cikin shekara 5. Tsakanin tashi da tashi kuwa ciwon ba ya cin jiki. Watau in an hana shi tashi, an tsare abin da ya rage.

Magungunan tsarewa suna rage zafin dakarun jiki ne. Akwai ƙwayoyi irin su azatiyofirin da maikofenolet, waɗanda a ke sha kullum. Akwai rituksimab, wanda a ke ƙarawa ta jijiya kamar kowane wata 6. A 2019 da 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da sababbi 3 da aka gwada musamman a kan wannan ciwo, watau ekulizumab, da inebilizumab, da satiralizumab, sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin mutane. Likita shi zai zaɓi wanda ya dace da jikin mara lafiya da aljihunsa. Ku gaya masa gaskiyar ƙarfinku. Gara mai araha da za a sha kullum da mai tsada da za a bari bayan wata 2.

Ga ƙa'idodin shan su:

1. Shekaru a ke yi a na sha. Kada a daina sai likita ya ce.
2. Firednisolon ba a yanke shi farat ɗaya, a hankali a ke rage shi. Yana iya kumbura fuska, ya ƙara ƙiba, ya ɗaga sukari da hawan jini, ya raunana ƙashi. In kun ga haka ku faɗa, kada ku daina da kanku.
3. A riƙa zuwa gwajin jini a ranakun da aka sa, don a duba hanta da ƙwayoyin jini.
4. Mai shan su ya fi saurin kamuwa da cuta. Ya kwana cikin gidan sauro, ya sha ruwa mai tsabta, ya nisanci mai tari. Zazzaɓi ko tari in ya zo, a je a duba da wuri.
5. A sayi na gaba tun na hannu bai ƙare ba. In an yi girbi a ware kuɗin maganin shekara, kamar yadda a ke ware iri.

MATA MASU CIKI DA MASU JEGO

Mace mai wannan ciwo tana iya aure, tana iya haihuwa. Amma ta yi shawara da likita tun kafin ta ɗauki ciki, kai ma mai gida ka raka ta. Maikofenolet yana lahanta ɗan tayi, sai an canza shi tun da wuri. Ta haihu a asibiti. Watannin farko bayan haihuwa lokaci ne da ciwon ya kan so tashi, saboda haka a sa mata ido sosai.

Ina jan kunnen iyaye mata da ungozomomi a kan wankan jego. Wadda ƙafafunta ko cinyoyinta ba su ji sosai ba za ta san ruwa ya yi zafi ba sai fata ta saluɓe. A sirka ruwan, mai yi mata wankan ta fara gwadawa a gwiwar hannunta. Kada kuma a kwantar da ita a gadon da aka hura wuta ƙarƙashinsa.

JINYA A GIDA

Wanda aka sallamo bai iya tashi ba, babban abokin gabansa shi ne gyambon kwanciya. A juya shi kowace awa 2, dama, baya, hagu. A shimfiɗa masa abu mai laushi, busasshe, marar tsakuwa. Kowace safiya a duba ƙugu, da ɗuwawu, da dunduniya. Jan wurin da bai koma daidai ba bayan an ɗaga shi, farkon gyambo ne, kada a sake kwantar da shi a kansa.

In an sa masa robar fitsari, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa ta, jakar ta zauna ƙasa da mara, a kuma je a canza ta ranar da aka ce. Fitsari mai wari da zazzaɓi alamar cuta ce ta shiga. Ya sha ruwa da yawa, ya ci ganye irin su zogale da rama da alayyafo, da gwanda, don bayan gida ya yi laushi.

A riƙa miƙe masa gaɓoɓi a na lanƙwasawa a hankali, safe da yamma, yadda ma'aikatan sashen gashi na asibiti suka nuna, don kada su sandare. Waɗansu su kan sami wani murɗawar hannu ko ƙafa mai zafi, na ɗan lokaci, sau da yawa a yini. Ba farfaɗiya ba ce, ba iska ba ce, daga tabon laka ya ke, kuma akwai ƙwayar da ke kwantar da shi. A gaya wa likita.

Wadda ganinta ya ragu, kada a riƙa sauya wa kayan ɗakinta wuri. A rufe bakin rijiya, a kewaye murhu, a ɗaura igiya daga ƙofar ɗaki zuwa bayan gida. A bar ta ta yi duk aikin da za ta iya, ko tsinar wake ne, ko saƙa, ko 'yar sana'a a ƙofar ɗaki. A fito da ita inuwa cikin mutane. Kai mai gida, wannan ba lokacin mai da ita gidan iyayenta ba ne. Matar da na ba ku labarinta, abin da ya tashe ta bayan magani shi ne mijin da ya tsaya, da 'yarta da ke tuna mata ƙwaya kowace safiya.

KU TUNA

Gani ya dushe cikin kwanaki, ido fari tas: asibiti yau.
Ƙafafu sun yi nauyi, fitsari ya tsaya: asibiti yau.
Shaƙuwa ko amai ya wuce kwana 2: a je a duba.
An sami sauƙi: a ci gaba da magani.
Alama ta sake dawowa, ko kaɗan ce: a koma ranar.

Dagatai da masu unguwanni, muna roƙonku ku sa a karanta wannan takarda a dandali, ku kuma taimaka da abin hawa in bukata ta taso. In akwai abin da ba ku gane ba, ku kawo takardar ɗakin shan magani mu karanta tare. Allah ya ba mu lafiya, amin.